Gwaggo, Shugabar da Ba a Naɗa Ba

Ranar da muka rufe Gwaggo, rumfar da aka kafa a ƙofar gida ba ta ɗauki mutane ba, sai da aka ja tabarmi har ƙarƙashin bishiyar dogon yaron maƙwabta. Damina ce, ƙasa da laima, amma ba wanda ya kula da jiƙewar riga. Matan majami'a suna ciki suna waƙa ƙasa-ƙasa. Masunta suka taso daga bakin tabki da ƙarnin kifi a hannuwansu, suka tsuguna gefe guda suka yi mana gaisuwa irin tasu ta Musulmi, muka amsa irin tamu. Wasu ƙauyawa daga wajen garin Sarkin Yamma sun zo a amalanke, ƙafafunsu duk taɓo. Kowa ya zo sai ya ce, "Ya haƙuri? Ashe rai ya yi halinsa." Mu ce, "Da godiya."

Can sai Babban Dattijon majalisar ikilisiyarmu ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Jama'a, yau mun yi rashin uwa. Mace ce mai tawali'u, mai biyayya, ba a jin muryarta. Shekara da shekaru tana dafa wa matasanmu abinci, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ubangiji ya ba mu irinta."

Bai rufe baki ba wani ya fashe da dariya daga baya. Ɗan maƙwabcinmu ne, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, mai tabon ƙuna daga wuya har kafaɗa. Ya yi dariya har ta juye masa ta zama kuka, ya ja rigarsa ya rufe fuska. Sai Baffa, ƙanen mahaifina, wanda yake Musulmi, ya dakata da jan tasbaharsa ya ɗago kai.

Ya ce, "Malam, anya wadda aka rufe ɗazu kake nufi? Yayata ce fa. In tana magana a bakin tabki, ƴan tasha sukan amsa."

Mutane suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Ni ban yi dariya ba, raina ne ya ɓaci. Na san abin da ake yi wa mamaci a garin nan. A wanke shi, a sake wankewa, har a wanke shi daga kamanninsa, a bar wa na baya wani salihin mutum da ba a taɓa yi ba. Na ga kafin a yi bakwai za a mayar da Gwaggo wata tsohuwa mai ludayi da ke zaune bakin murhu tana jiran a aike ta. Ban yarda ba. Wanda yake son ya tuna da mai tawali'u ya nemi tasa gwaggon. Tamu mafaɗaciya ce, ita ce kuma ta jagorance mu, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ce babba a ɗakinsu. Gidanmu a rabe yake tun asali. Kakanmu ya karɓi bishara da girmansa, ita da Baba suka bi shi, Baffa kuwa ya tashi wajen dangin uwarsu ya zauna a Musulunci. Mijinta mai bishara ne, ya rasu ina goye, ƴaƴan da ta haifa kuma ba wanda ya rayu. Aka yi aka yi ta sake aure, ta ce wanda ta yi ya ishe ta. Bandar kifi take yi, tana da ɗan lambu a bakin tabki. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, idanunta kullum ja don hayaƙi. In tana tafiya ta ga takalmi na rage mata sauri, sai ta cire ta riƙe a hannu. Ba ta iya raɗa ba sam. Ko addu'a take yi, sai ka ce da wani na tsallaken ruwa take magana.

Yadda ta kama mu kuwa, a shekarun nan ne da yajin aiki ya yi yawa, lakwal, wato makaranta, ta rufe har shekara ta tafi a banza. Mu da muke karatu a Maraɗi muka tattaro muka dawo Madarumfa, ba karatu ba sana'a. Daga safe har yamma muna gindin bishiya muna dafa shayi. Masu ƙarfin hali a cikinmu suka shiga ruwa-ruwa, wato ɗauko fetur a jarka daga wajen garin Ɗan Issa, a bi daji da shi a kauce wa ƴan duwan masu tsaron iyaka. Ikilisiya tana da shugaban matasa, amma a suna kawai, wani mushe ne, wato malamin lakwal, da aka yi wa canjin wurin aiki ya tafi da muƙamin a aljihu. Maganin da dattawa suka samo mana shi ne wa'azi kowace Lahadi a kan lalacewar yaran zamani. Mu sunkuya mu ji, a tashi mu koma ga butarmu.

Wata rana da hantsi sai ga Gwaggo, takalmi a hannu. Ba ta yi sallama ba. Ta ɗauke butar daga kan gawayi ta tuttular a ƙasa.

Wani ya ce, "Haba Gwaggo, shayin ko nuna bai yi ba."

Ta ce, "Ku ma ba ku nuna ba. Ku tashi."

Ta sa mu a gaba har gidan wata tsohuwa makauniya ƴar majami'armu. Jinkar ɗakinta ta ruɓe, in ka shiga kana hango sama, ga damina na ƙaratowa. Kowace Lahadi muna ganin matar ana jagorantarta zuwa sujada, ba wanda ya taɓa tambayar inda take kwana. Gwaggo ta nuna ɗakin da haɓa ta ce, "Ga shi nan. Ni ban iya baibaya ba." Ta juya ta tafi abinta. Muka tsaya muna kallon juna. Daga baya wani ya ce ya san inda za a sami shuci, wani ya tafi aron lauje. Rana ba ta faɗi ba sai da muka ɗora sabuwar jinka. Tsohuwar ta shafa ta da hannu tana sa mana albarka, mu kuwa muna jin kunya da daɗi a haɗe.

Asabar ta gaba mun ƙaru, har da ƴan mata. A nan ne ta raba mu ƙungiya uku: ƴan noma, ƴan gaida marasa lafiya, da ƴan waƙa. Kowace ƙungiya ta fitar mata da shugaba daga cikinta, ita kuwa ba ta cikin ko ɗaya. Ni ta ba ƴan noma, ni da hannuna bai san komai ba sai alƙalami.

Na ce, "Gwaggo, duk cikinsu ni ne ban iya riƙon hauya ba."

Ta ce, "Shi ya sa, ɗan lakwal. Wanda ya iya zai yi ta yi shi kaɗai yana harararsu. Kai dole ka tambaya."

Ƴan waƙa ta ba su wata yarinya. Samari suka fara gunaguni, wai mace ba za ta ja su ba. Gwaggo ta ce wanda ba zai iya bin mace ba ya koma gida ya tambayi wadda ta koya masa tafiya. Ba a sake tayar da maganar ba.

Abin da ya fi ba mu haushi da ita a lokacin, ba ta yanke mana shawara. Ka zo mata da matsala ka ce, "Gwaggo, yaya za mu yi?" Tana juya kifi a kan wayar banda, ko kallonka ba za ta yi ba, za ta ce, "Ni kifi na sani. Kai ne shugaba." Amma in an dawo daga aiki aka zauna, ba ta tambayar yawan abin da aka yi. Tambayarta ɗaya ce: "Wa bai zo ba yau?" Ka faɗa. "Me ya hana shi?" Ka ce ba ka sani ba. "To me kake yi a nan zaune?" Haka za ka bar dambunka a kwano ka tafi neman wanda bai zo ba. Takan ce ƙafa ce ke wa'azi, baki rakiya yake yi mata. Takan kuma ce wanda bai yi gumi ba kada ya ɗaga mata murya da amin.

E, ta dafa mana abinci, ban musa ba. Dambun zogalenta har yau ban ci irinsa ba. Amma wanda ya ce girki ne aikinta, kamar wanda ya ga makiyayi da gorar ruwa ne ya ce ai ɗan garuwa ne.

Ba kuma zan ce ba ta da aibu ba, don ita kanta za ta ƙaryata ni. Tana da saurin fushi, tana tsinka mutum a gaban jama'a. Akwai ranar da ta yi wa wata yarinya faɗa har ta yi kuka, a kan laifin da ba nata ba ne. Da gaskiya ta fito, Gwaggo ba ta ce a yi haƙuri ba, bakinta bai san hanyar kalmar ba. Washegari dai aka aika wa yarinyar ƙatuwar tarwaɗa har gida. Tun daga nan in mun ga an kai wa wani kifi ba dalili, sai mu ce Gwaggo ta ba da haƙuri.

Tsamin da ke tsakaninta da majalisa ya fara ne a kan ɗan maƙwabcin nan namu mai tabo. Ɗan ruwa-ruwa ne a lokacin, dattawa sun sa shi a horo, wato an hana shi cin jibin Ubangiji da riƙe kowane aiki a majami'a. Wata rana jarka ta kama da wuta a bayan babur ɗinsa. Da aka sallamo shi daga likita a Maraɗi aka kwantar da shi a zaure, ciwon na wari, ƙuda na bi. Mutane suka riƙa leƙowa daga bakin ƙofa suna wucewa, wasu na cewa ai hukuncin Allah ne. Gwaggo ta sa ƴan gaisuwa suka riƙa karɓa-karɓa a wurinsa, wannan ya yi fifita, wannan ya ba shi kunu. Wankin ciwon kuwa ita da kanta take yi, yana ihu tana yi masa faɗa. Da ya miƙe, sai ta ɗora shi a kan ƙungiyar da ta yi jinyarsa.

Aka aiko mata da cewa yaron yana cikin horo.

Ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce musu horonsu ya hana shi cin jibi, bai hana shi gaida marar lafiya ba. Duk garin nan wa ya fi shi sanin zafin kwanciya?"

Dattawa suka haɗiye wannan, amma bai wuce musu ba.

Babbar rigimar a damina ta zo. Al'adar majami'armu ita ce matasa su yi gayya a gonar fasto, sannan su bi gonakin dattawa bisa girma. Asabar ɗin da layi ya zo kan gonar Babban Dattijo, sai wani masunci ya ba Gwaggo labarin wani manomi a wani ƙauye ta wajen Sarkin Yamma. Kurkunu ya kwantar da shi ƙafa biyu, ƴaƴansa ƙanana ne, haki ya kusa cinye masa gero. Musulmi ne, an kuma san shi, don shi ne ya taɓa tsayawa a kasuwa yana hana mutane sayen kifinta, wai kifin Kirista ne. Ta ba ni labarin kamar hira. Na ce to yaya za mu yi, ga gonar Dattijo tana jira.

Ta ce, "Kai ne shugaba." Ta juya kifi, ta ƙara da cewa, "Dattijo dai na ga samarinsa na gida da hauyoyinsu."

Ni na yanke, ban kuma taɓa da-na-sani ba. Na aika a shaida wa Dattijo za mu zo masa wani satin, muka ɗauki hauyoyi muka nufi ƙauyen. Muka sami mutumin kwance a inuwar rumbu, ƙafafu a kumbure. Ya dube mu, ya gane ko su wa ne, fuskarsa ta ɗaure.

Ya ce, "Me kuke so a wurina?"

Na ce, "Iyakar gonarka muke so a nuna mana, Baba."

Da azahar Gwaggo ta iso a amalanken wani da ƙwaryar fura. Ta tarar ɗaya daga cikinmu, mai zafin bishara, ya durƙusa a kan mutumin zai fara yi masa wa'azi. Ta kamo rigarsa ta baya ta janye shi gefe.

Ta ce, "Ba a samun mutum a ƙasa a hau shi da wa'azi. Ba ciniki muka zo ba. Bari ya tashi da ƙafafunsa, in ya tambaye ka abin da ya kawo ka, sannan ka buɗe baki. Koma kunyarka."

Mutumin bai zama Kirista ba, bai ma cika mana godiya ba ranar. Geronsa dai ya yi. Ƴaƴansa ne suka zo a amalanke ranar da muka rufe ta, sun zama samari.

Ranar Lahadi bayan sujada majalisa ta kira ni. Baba yana cikinsu, don shi ma dattijo ne. Fasto, saurayi ne sabon zuwa, yana zaune yana kallon ƙasa. Ba a kira Gwaggo ba, mata ma ba sa shiga wannan ɗakin, in suna da magana a waje suke zama a shigar musu da ita. Ana cikin yi mini faɗa sai hasken ƙofa ya ragu. Ita ce tsaye, ta dafa ƙyaure da hannu ɗaya.

Babban Dattijo ya ce, "Baiwar Allah, zauna a waje, za a neme ki."

Ta ce, "Na hutar da ku nema, Malam. Ga ni."

Ya ce, "Kin raba yara da iyayensu. Kin kai ƙarfin ikilisiya gonar wanda ke zagin ikilisiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ke kuwa kin hana."

Ta ce, "Kun daɗe kuna tanƙwarawa. Wa ya taɓa ba shi ruwa a cikinku? Da suna gindin bishiya suna shan shayi, wa ya je? Da wuta ta ci yaron can, wa ya shiga zauren?"

Dattijo ya dubi sauran, ya ɗaga murya ya ce majalisa ta sauke ta daga jagorancin matasa daga yau.

Gwaggo ta yi dariya har haƙoranta na goro suka fito. Ta ce, "Yaushe kuka naɗa ni? Ku nuna mini rawanin in kwance muku."

Suka yanke hukunci tana tsaye. An rushe ƙungiyoyin, an hana mu taruwa a harabar majami'a, ita kuma an sa ta a horo sai ta zo ta durƙusa ta nemi gafara. Da muka koma gida Baba, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya ce in na sake taka wurin Yaya kada in ci tuwon gidansa. Gwaggo ta same shi har tsakar gida.

Ta ce, "Ni na goye ka."

Ya ce, "Yaya, majalisa ce ta yanke."

Ta ce, "Majalisa ce ta goye ka?"

Bai janye ba. Na ɗauki tabarmata na koma gidanta.

Kada wani ya zaci abin ya zo da sauƙi. Iyaye da yawa suka janye ƴaƴansu, muka ragu ƙwarai. Waɗanda suka saura muka koma taruwa a lambunta a bakin tabki. Wasu a cikinmu jini ya hau, suka ce mu daina zuwa sujada, mu buɗe tamu. Gwaggo ta ce wanda ya sake faɗin haka ya fita mata daga lambu. Ta kafa mana doka: ba zagin dattijo, ba fashin Lahadi, in ka gamu da ɗayansu a hanya ka durƙusa ka gaishe shi. Ta ce, "Gidan Ubanmu ne. Ba mu fita ba, ba kuma mai fitar da mu. Ku zauna a bencin gaba inda za su gan ku."

Ita ma haka ta yi. Duk ranar jibi tana zaune a wurinta, a zo da faranti a tsallake ta a miƙa wa ta kusa da ita. Ba ta sunkuyar da kai, in aka ɗauki waƙa muryarta ce a sama. Na ɗauka abin ba ya damunta, har na faɗa mata haka wata rana muna ban ruwa.

Ta ajiye guga ta ce, "Yana mini zafi, ɗan lakwal, kada ka zaci ba ya yi. Tun ba a haifi faston nan ba nake cin jibin nan. Amma in na durƙusa na ce na yi laifi, na koya muku cewa noman gonar marar lafiya laifi ne. Gara su tsallake ni."

Haka muka ci damina. Lokacin girbi muna gonar wata gwauruwa, sai na hango wani ya shigo ta ƙarshen gona da magirbi a hannu, ya kama kunya ya sunkuya. Baba ne. Da aka zauna hutu Gwaggo ta miƙa masa ludayi.

Ta ce, "Ka makara."

Ya ce, "Na dai zo, Yaya."

Da yamma ya ce mini in ɗauko tabarmata. Abin da ya faɗa a majalisa bayan nan bai taɓa gaya mini ba. Na dai san ana gab da Nowel, bikin haihuwar Almasihu, fasto ya zo lambu da kansa, ya tsaya yana murza hula, ya ce an ɗage horon, yara su dawo haraba. Ba wanda ya ba ta haƙuri, ita ma ba ta ba kowa ba. Aka naɗa ɗan wani dattijo shugaban matasa don a rufe baki. Yaron kirki ne, kowace Juma'a yakan zo lambu ya tambayi inda za a yi aiki gobe, ta ce masa ya je ya tambayi shugabannin ƙungiya. Babban Dattijo kuwa tsakaninsa da ita bai wuce sannu ba har ta bar duniya.

Ciwon ajalinta a ƙafa ya fara. Suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, matar da ba a iya cim mata a hanya ta koma sai an riƙe ta. Muka kai ta likita a Maraɗi, ta yi kwanaki ta ce a mayar da ita inda za ta ji ƙarnin tabki. Wata la'asar ta sa aka tara mata mu shugabannin ƙungiyoyi. Lokacin duk mun girma, na yi aure, yarinyar ƴan waƙa tana da goyo, mai tabo ya fara tuƙi. Muka zauna muna jiran wasiyya mai daɗi.

Ta ce, "Ku sauka."

Muka dubi juna.

Ta nuna ni da yatsa. "Kai, ran nan ina daga ɗaki na ji ka kana cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya. Daga nan ake farawa. Kwana kaɗan za ka sayi babbar riga ka fara tanƙwara icce. Ku ba na bayanku wuri tun kuna da ƙarfin tsaya musu."

Na ce, "To wa kike ganin za a ba?"

Ta rufe ido ta ce, "Har yanzu ni kake tambaya?"

Ita ce magana ta ƙarshe mai tsawo da na yi da ita. Bayan ƴan kwanaki, da safe ana yayyafi, ta cika, Baba na riƙe da hannunta ɗaya, Baffa na riƙe da ɗayan, kowa na addu'a irin tasa.

Bayan an share makoki majalisa ta aiko kirana. Wanda aka naɗa a da ya tafi aiki wani gari, sun ce yanzu ni za a ba muƙamin, a tsayar da ni gaban jama'a a sa mini hannu. Ban tafi ni kaɗai ba. Kafin ranar matasa sun taru a lambu sun zaɓi tasu, ɗiyar wani tela, yarinyar da duk cikin ƴan noma ba wanda ya kai ta yi mini gardama. Na shiga da ita har cikin ɗakin. Na gode musu, na ce ni na sauka, ga wadda yara suka ɗora.

Babban Dattijo ya tsufa sosai lokacin, samarinsa duk sun tafi ci-rani sun bar shi da tsohuwar matarsa. Ya ƙura mata ido ya ce, "Wannan ƴar? Wa zai ji maganarta?"

Yarinyar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya gare shi.

Ta ce, "Baba, ran Asabar muna gidanka. Katangarka ta gabas ta faɗi tun ruwan farko, gida a buɗe, Inna ko wanka ba ta iya yi da rana. Za mu kafa zana mu rufe, in rani ya yi mu gina. A ɗaure tumaki don Allah, kada su cinye mana zanar."

Mahaifina ya kama tari. Can Dattijo ya ce, "Majalisa ba ta amince da ke ba tukuna."

Ta ce, "To, Baba. Kafin ta amince mun gama."

Sun kuwa gama. Dattijo na zaune a kujerarsa ya kalle su tun daga haƙa rami har ɗaurin ƙarshe, tumakin kuwa a ɗaure suka same su.

Ubangiji ya karɓe ki, Gwaggo, ya shafe kurakuranki, ya sanyaya miki idanun nan da hayaƙi ya cinye. Mu da kika bari muna nan a bencin gaba, ba mu da niyyar matsawa.